Nono, ƙwayar probiyotik da hawan jini: ka karanta kafin ka fid da kuɗinka

  

Yau ba zancen iri ko taki muka kawo maka ba. Zancen jikin mai noman ne, gama garka ba ta ba kanta ruwa. A kasuwannin Arlit da Akokan, har Agadas, ana sayar da waɗansu ƙwayoyi da gari cikin gwangwani ko ƙaramin buteli, ana ce musu probiyotik. Masu talla suna cewa suna gyara ciki, suna sauke tansiyo, suna ƙarfafa zuciya. Mutane suna tambaya: gaskiya ne, ko cin kuɗi ne?

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Cikin yawon duba garake da nake yi bayan gari, na saba zama wurin wani dattijo. Ya yi shekaru yana aikin uraniyom, da ya bar aiki ya kama noman albasa da salati. An auna shi a likita, aka sami tansiyonsa 18. Aka rubuta masa ƙwaya ɗaya kullum. Ana nan sai wani mai talla ya sayar masa da gwangwanin probiyotik, ya ce masa wannan daga nono aka yi shi, ba ya da illa, ya fi maganin Nasara. Dattijo ya ajiye ƙwayar likita. Bayan wata uku, wata safiya yana ban ruwa, tiyo ya suɓuce daga hannunsa na dama, bakinsa ya karkace. Yau yana da rai, alhamdu lillahi, amma ƴaƴansa ke ɗaga shi su zaunar. Ba gwangwanin ya kayar da shi ba. Barin maganin ne ya kayar da shi.

MENE NE HAWAN JINI?

Ka dubi injin ban ruwa da tiyonsa. Zuciya ita ce injin, jijiyoyin jini su ne tiyo. In tiyo ya ƙuntata, ko ruwan ya yi yawa, injin yana wahala, tiyon kuma yana iya fashewa. Haka jiki yake. In jijiya ta fashe ko ta toshe cikin ƙwaƙwalwa, shi ne shanyewar ɓarin jiki. In zuciya ta gaji, sai kumburin ƙafa da haki. Ƙoda da ido su ma suna lalacewa.

In an ɗaura maka abin awo a hannu, za a faɗa maka lamba biyu, misali 12 da 8. Ta sama ƙarfin jini ne lokacin da zuciya ta matsa, ta ƙasa kuma lokacin da ta saki. In awo ya kai 14 da 9 ko ya wuce, aka sake aunawa wata rana aka sami haka, to, hawan jini ne.

Ka riƙe wannan da kyau, don za mu yi lissafi da shi gaba: kowace lamba ɗaya ta kasu gida 10, kamar yadda santimita ta kasu milimita 10. Wato 14 milimita 140 ke nan, 18 kuma milimita 180.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa cikin rahotonta na 2023 cewa babban mutum ɗaya cikin uku yana da hawan jini, kuma kusan rabinsu ba su sani ba. Ciwo ne marar sallama. Kana iya yini kana aiki, ba ciwon kai, ba jiri, alhali yana cin ka.

Wannan ya shafi garuruwanmu ƙwarai. An kafa kamfanin SOMAIR a 1968, garin Arlit ya tashi saboda shi. An kafa COMINAK a 1974, Akokan ta tashi. Ma'aikaci yana da ranar zuwa awon lafiya, ko yana so ko ba ya so. Amma COMINAK ta rufe raminta ranar 31 ga Maris 2021, ɗaruruwan magidanta suka koma garka, kiwo, tuƙi ko kasuwa. Mai garka ba ya da shugaban da zai tura shi awo. Sai shi ya tura kansa.

MENE NE PROBIYOTIK?

Akwai ƙananan halittu masu rai waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Waɗansunsu ke kawo zawo da tarin fuka. Amma ba duka ne mugaye ba. Ka san su tun kana yaro, sunansu ne ba ka sani ba. Su ne ke mai da madara nono. Su ne ke sa ƙullun koko ya yi tsami. Su ne ke nuna daddawa.

Cikin hanjin kowane mutum akwai dubban miliyoyinsu. In an tara su duka za su kai nauyin giram 200. Suna cin abin da cikinmu bai iya narkewa ba, kamar dusar hatsi da ɓawon wake da zaren ganye. Daga nan suna fid da waɗansu sinadarai da ke shiga jini, kuma an gano waɗannan sinadarai suna taimaka ma jijiya ta saki.

A 2001 masana na Hukumar Abinci da Noma ta Duniya da na Hukumar Lafiya ta Duniya suka zauna a ƙasar Ajantina suka yanke ma'anar kalmar. Suka ce probiyotik su ne ƙananan halittu masu rai waɗanda, in an sha su da yawan da ya isa, suna amfanin lafiya. Ka lura da sharuɗɗa uku: su kasance da rai, su isa yawa, a kuma tabbatar da amfaninsu.

DAGA INA ZANCEN YA FITO?

Ba yau aka fara ba. A 1907 wani masani mai suna Metchnikoff, na cibiyar Pasteur a birnin Paris, ya rubuta cewa manoman ƙasar Bulgariya suna tsawon rai don suna shan nono da yawa. Zato ne ya yi, bai auna ba.

A 1974 wani likitan Amurka, George Mann, da abokiyar aikinsa suka ba da labarin gwajin da suka yi da samarin Masai, makiyayan gabashin Afirka. Samarin sun yi ta shan nono mai yawa, amma kitsen jininsu ya sauka maimakon ya hau. Abin ya ba masana mamaki.

Sai mutanen Japan suka bi sawu. A 1995 suka gano cewa wata irin halitta, Lactobacillus helveticus, in tana tsamar da madara, tana fid da waɗansu ƴan gutsattsari guda biyu masu aiki irin na ƙwayar hawan jini da ake kira captopril, sai dai ƙarfinsu kaɗan ne. A 1996 suka gwada da tsofaffi 30 masu hawan jini, har mako 8. Waɗanda suka sha wannan nono, lambarsu ta sama ta sauka wajen milimita 14. Amma ka ji abin da mai talla ba zai gaya maka ba: mafi yawan tsofaffin nan suna shan maganin likita, kuma ba su daina ba. Nonon ƙari ne aka yi musu.

ABIN DA AWO YA NUNA

Kai manomi ne, ka san ba a yabon iri da fage ɗaya. Sai an shuka shi garake da yawa, shekaru da yawa. Haka masana suka yi. Da aka sake gwaji a ƙasashen Turai, amfanin ya ragu ƙwarai, wani wuri ma ba a ga kome ba.

A 2012 wata ƙungiyar masana da ake kira Cochrane ta tara gwaji 15 na nono, mutum 1,232. Ta sami lambar sama ta sauka milimita 2 da rabi kawai, ta ƙasa ba ta motsa ba. Ta ce wannan bai isa a kira nono maganin hawan jini ba. Cikin shekarar kuma hukumar lafiyar abinci ta ƙasashen Turai ta ce ba a kawo hujjar da ta isa ba game da gutsattsarin nan biyu.

A 2014 masanan jami'ar Griffith ta ƙasar Ostareliya suka tara gwaji 9 na probiyotik, mutum 543. Suka sami lambar sama ta sauka milimita 3 da rabi, ta ƙasa milimita 2 da ɗan kai. Suka kuma lura da abu huɗu. Wanda ya sha ƙasa da mako 8 bai sami kome ba. Mai iri-iri ya fi mai iri ɗaya. Sai an sha halittu miliyar 100 ko fiye kowace rana. Kuma wanda jininsa ya riga ya hau ya fi ganin amfani.

To, mu koma ga dattijonmu mu yi lissafi. Yana da 18, ana so ya sauko ƙasa da 14. Tsakaninsu milimita 40.

Probiyotik mai kyau, mai rai, kullum har wata biyu: milimita 3 ko 4.

Rage gishiri da kusan cokalin shayi ɗaya a rana, ga mai hawan jini: wajen milimita 5.

Rage ƙiba: wajen milimita 1 ga kowane kilo da ya sauka.

Ƙwayar likita iri ɗaya: wajen milimita 9. Shi ya sa likita yakan haɗa ma mutum iri biyu ko uku.

Ka gani da idonka. Mai 18 in ya dogara da gwangwani, da ƙyar zai sauko 17 da rabi. Har yanzu yana bakin rijiya. Amfanin probiyotik ba ƙarya ba ne ɗungum, amma ƙarami ne. Ludayi ɗaya ba ya shayar da fagen albasa.

ZUCIYA FA?

Gwaje-gwaje da dama sun nuna waɗansu irin probiyotik suna rage kitsen jini kaɗan. Wannan abu ne mai kyau. Amma abin da kake so ka sani shi ne: yana hana shanyewar jiki? Yana hana mutuwar farat ɗaya? Magungunan hawan jini an gwada su da dubun dubatar mutane, shekara da shekaru. Wani babban lissafi na 2021 ya nuna duk milimita 5 da magani ya sauke, haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki yana raguwa kashi 10 cikin 100. Probiyotik bai ci irin wannan jarrabawa ba. A 2021 likitocin ƙasar Norwe suka ba masu gajiyar zuciya wani irin probiyotik har wata uku, ƙarfin zuciyarsu bai ƙaru ba.

Kuma kada ka yarda da mai cewa ba ya da illa ga kowa. Ga mai lafiya, yawanci bai wuce kumburin ciki na ƴan kwanaki ba. Amma ga bakwaini, da mai ciwo mai tsanani, da wanda ƙarfin jikinsa na kare cuta ya faɗi, halittun suna iya shiga jini su zama cuta. A 2023 hukumar magunguna ta Amurka ta yi kashedi kan ba bakwaini su.

ZAFIN ARLIT

Ka tuna sharaɗi na fari: sai suna da rai. Halittun nan ba su son zafi. Da yawa daga cikinsu sai an ajiye su cikin firigo. Yanzu ka yi tunanin tafiyar gwangwanin nan. Ya fito wata ƙasa mai nisa, ya hau kamyo, ya bi hanyar Tawa zuwa Agadas, ya ƙara wajen kilomita 240 zuwa Arlit. Sa'an nan ya zauna kan tebur cikin rana, a garin da zafi ke wuce digiri 40 daga Afrilu har Yuni. Ka taɓa shuka irin da ya kwana biyu cikin rumfar kwano? Ka san abin da ke tsirowa. Lambar da aka rubuta jikin gwangwani ba ta gaya maka nawa suka rage da rai ranar da ka saya.

GISHIRI DA KANWA

Mu mutanen jahar Agadas mun san darajar gishiri. Ayarin Bilma da Fashi da shi ya yi suna, kuma dabba ba ta ƙiba sai da shi, shi ya sa makiyaya ke taruwa Ingal kowace shekara. Amma abin da ya gyara raƙumi yana iya ɓata mai raƙumin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 a rana, wato cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin miya, burodi, kilishi da sardin na gwangwani. Yawancin mutanen duniya suna cin ninki biyu. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne. Kanwa kuma ƴar'uwar gishiri ce, sinadarin da ke hawar da jini yana cikinta.

Ga wani abin lura. A 2017 masana a birnin Balin na Jamus suka ba maza 12 ƙarin gishiri giram 6 kullum har kwana 14. Jininsu ya hau, kuma halittun nan masu amfani, dangin na nono, mafi yawansu suka ɓace daga hanji. Wato mai zuba gishiri da yawa yana sayen probiyotik da hannun dama, yana kashe na cikinsa da hannun hagu.

Ka gaya ma uwargida wannan kuma. Tun cikin shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, suka bi ɗaruruwan mata da zuciyarsu ta gaji bayan haihuwa. Sun danganta abin da yawan kunun kanwa da zafin wankan jego. Mai jego tana bukatar abinci mai kyau, amma a sassauta kanwa. In ta fara haki ko ƙafafunta suka kumbura, a kai ta likita ranar nan.

NONON GIDA

Kada ka ce mun hana ka nono. Nono abinci ne mai albarka, yana gina jiki, yana ƙarfafa ƙashi, kuma kuɗinsa yana komawa hannun makiyayanmu. Ka sha shi don abinci ne. In ya rage maka milimita biyu, riba ce.

Sai dai a gyara yinsa. Ɗanyar madara, ta saniya ko akuya ko raƙuma, tana iya ɗauko tarin fuka, da ciwon nan da ke sa dabba ɓari, wanda ke ba mutum zazzaɓi mai daɗewa da ciwon gaɓoɓi. Tsami kaɗai ba ya kashe su duka. Ga yadda za a yi:

1. A tace madara da tsumma mai tsabta.

2. A dafa ta har ta tafasa.

3. A bar ta ta huce, har yatsa mai tsabta ya iya zama ciki ba ƙuna.

4. A zuba ludayi ɗaya na nonon jiya mai kyau. Shi ne irin.

5. A rufe cikin ƙwarya wankakkiya, ta kwana.

Tafasa tana kashe mugayen, irin da ka zuba yana maido da nagarin. In za a dama fura, a dama da ruwan sha mai tsabta. Mai ƙiba ko mai kitsen jini ya fi kyau ya sha tsala, wadda aka kaɗe aka fid da mai. A rage sukari, gama nonon leda mai zaƙi da shayi uku masu sukari suna kawo ƙiba, ƙiba kuwa tana hawar da jini. Ka sani kuma koko da miyar daddawa abinci ne masu kyau, amma wuta ta riga ta kashe halittun da ke ciki.

Halittun da Allah ya riga ya sa cikin hanjinka, abincinsu yana garkarka: wake, hatsi da ba a surfe shi ƙwarai ba, kuɓewa, zogale, kuka, yakuwa, kabeji, karoti, albasa da tafarnuwa. Tumatir, dankali, dabino da lemun Timiya suna da wani sinadari da ke rage ɓarnar gishiri. Kada ka kai duka kasuwa. Ka rage na tukunyar gidanka.

ABIN DA ZA KA YI

Na ɗaya, ka je likita mafi kusa a auna ka, ko ba ka jin kome, aƙalla sau ɗaya a shekara. Ka tafi da uwargida. Mai ciki kada ta fasa zuwa awo.

Na biyu, ka sa a rubuta maka lambobin da kwanan wata cikin karne. Ka yi yaƙi da jahilci, ka iya karanta su da kanka.

Na uku, in an rubuta maka ƙwaya, ka sha kullum. In lamba ta sauko, maganin ne ke aiki, ba warkewa ka yi ba. Kada ka daina sai likita ya ce.

Na huɗu, in kuɗinka ba su isa abu biyu ba, ka sayi maganin likita a farmasi, ka bar gwangwani. In kana da hali kuma kana son probiyotik, ka nuna ma likita tukuna, ka duba ranar lalacewarsa, ka duba inda aka ajiye shi.

Na biyar, a rage gishiri, magi da kanwa sannu-sannu. Cikin ƴan makonni harshe zai saba. A bar taba, ta sha da ta ci.

Na shida, in ka ga bakin mutum ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, ko ƙirji ya riƙe da zufa, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. A nemi mota a kai shi asibiti nan take.

Ɗan'uwa, in ka gama karanta wannan takarda kada ka naɗe goro da ita. Ka karanta ma maƙwabcinka na garka wanda bai shiga aji ba tukuna, ka karanta ma tsofaffin gida. In akwai inda ba ka gane ba, ka tambayi ma'aikacin lafiya na unguwarku, ko ka aiko da tambayarka gidan rediyo. Lafiya uwar jiki.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya sa albarka cikin garakenmu da dabbobinmu. Amin.